Tarakta da gaz ɗin kashin shanu: yadda ake haɗawa, da lissafin da ya kamata a fara yi

Injin gazuwal yana cin gaz ɗin kashin shanu, wanda ake kira biyogaz, kuma ba sai an yi masa wani babban sauyi ba. Tiyo, robine da ɗan guntun bututu a hanyar iska sun isa. Ni bakanike ne, injinan gazuwal nake gyarawa a nan Damagaram, na tarakta da na niƙa da na ban ruwa, kuma na haɗa wa mutane wannan abu ya yi aiki. Sai dai duk wanda ya zo mini yana cewa zai bar sayen gazuwal ya koma huɗa da biyogaz, nakan ba shi kujera mu yi lissafi tukuna. Injin ba ya ba da wahala. Inda ake shan wuya shi ne tara kashin, samun ruwan da za a dama shi, da ɗaukar gaz ɗin a kai shi gona.

Lissafin farko

Biyogaz ba abu ɗaya ba ne. Kusan kashi 60 cikin 100 nasa metan ne, shi ne mai cin wuta. Sauran yawanci iskar kabon ce, wadda ba ta ci, sai cika wuri. Akwai kuma tururin ruwa da wata iska ƴar kaɗan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda za mu daɗe a kanta nan gaba. Ana auna gaz da mita kubik, wato cikin tano 5 masu lita 200. Mita kubik ɗaya na biyogaz yana yin aikin rabin litar gazuwal da ɗan ɗori, a ce lita 0.6. Kafin ka samu wannan mita kubik ɗin kuwa, sai ka zuba ɗanyen kashin shanu wajen kilo 25.

To, ɗauki tarakta mai ƙarfin doki 75, irin Massey Ferguson 375 da muka saba gani. In tana huɗa tana shan lita 5 zuwa 8 a awa, gwargwadon taurin ƙasa da lafiyar inji. Mu ce 6. Aikin awa 6 ya zama lita 36. Gaz ba zai ɗauke duka ba, in ya ɗauke kashi 70 an yi ƙoƙari, wato lita 25. Lita 25 na gazuwal biyogaz mita kubik 42 ke nan, shi kuma kashi ne sama da tan ɗaya, kowace rana. Saniyar da ke ɗaure ana tara mata kamar kilo 10 a yini, ka ga shanu ɗari da ƴan kai. Wadda ke fita kiwo ta wuni a daji, rabin kashinta can take barinsa.

Sai ruwa. Ana dama kashin ne da ruwa daidai wa daida, kilo ɗaya lita ɗaya. Tan ɗaya na son lita 1,000, jarka 40 masu lita 25. Wanda ya san yadda ake layin famfo a unguwar Garin Malam ko Kara-Kara cikin watan Afrilu, duk da ruwan da ake turowa daga rijiyoyin Arunguza da Ganaram, ba sai na yi masa bayani ba. Wannan aiki na mai rijiya ne ko mai gona a fadama, irin su Mirya, Gidimuni da kwarin Korama wajen Matamaye da Magarya.

Akwai kuma abin da masu rubutu daga waje ba sa kawowa: lokacin da aka fi neman tarakta, watan Yuni da Yuli, shi ne lokacin da garken shanu ke barin yankin gonaki su nufi arewa. Kashi ya fi samuwa da rani, lokacin da tarakta ke kwance ƙarƙashin rumfa.

Don haka shawarata ita ce a fara da taraktar da ke aiki a tsaye. Bayan kaka ana ɗaura mata injin sussukar hatsi, ko na ɓare gyaɗa, ko na niƙa, ko famfon ruwa, a sandar nan mai juyawa da ke bayanta. A irin wannan aiki ba ta zuwa ko'ina, tiyo kawai za a jawo daga rijiyar gaz, wato rufaffen ramin da ake zuba kashin ya ruɓe ya ba da gaz, kuma shanta ba ya kai na huɗa, kamar lita 3 a awa. Rijiya mai mita kubik 10 da ake ciyarwa da kashin shanu goma tana ba da mita kubik 3 zuwa 4 a rana, kimanin aikin awa ɗaya. In an tara na kwana uku a jakar tamfol, a yi aikin awa uku a jere. A kuɗi fa? A farashin watan Yulin 2024, lokacin da aka sauko da litar gazuwal daga sefa 668 zuwa 618, wannan rijiyar tana rage maka kamar sefa 1,300 a rana. Ba dukiya ba ce. Mu da matatar mai ta SORAZ ke kan hanyar Tanut tun 2011, ba mu kai mutanen wasu wurare matsuwa da gazuwal ba, sai ranar da aka wayi gari gidajen mai sun rufe. Amma in ka haɗa da girkin gida da takin da ke fitowa, abin yana biyan kansa.

Rijiyar gaz

Ba zan koya maka gini ba, nemi maginin da ya taɓa yin irinta. Wadda ta fi dacewa da mu ita ce ta bulo da siminti da ake binnewa, mai rufin tulluwa, irin wadda aka gina dubbai a Burkina Faso ƙarƙashin shirinsu na ƙasa. Ƙasa tana kare ta daga zafin bazara da sanyin hunturu. Kafin a ja layi, a tona a gani, domin a cikin gari da kewayensa ba ka nisa sai ka ci karo da dutse. Ta leda ta fi araha, amma rana da awaki da yara ba sa barinta ta daɗe.

Cikinta tamkar tumbin saniya yake: ƙwayoyin halitta ne ke cin kashin a inda babu iska, suna fitar da gaz. Sun fi son zafi tsakanin digiri 30 da 38, kuma kashin yana kwana 30 zuwa 40 a ciki kafin ya fita. A Disamba da Janairu gaz yana raguwa, kada ka ce ta lalace. A lokacin ka bar ruwan damu ya sha rana, ka zuba da azahar.

Cikon farko, a samo abin cikin tumbi daga mahauta a haɗa da kashin, yana sa ta tashi da wuri. Gaz ɗin makon farko ba ya kamawa, iskar kabon ta yi masa yawa, a sake shi ya fita a fili nesa da wuta. Daga nan sai ciyarwa kullum, awo ɗaya, ba yau da yawa gobe babu ba.

Babban abokin gabarta a ƙasarmu rairayi ne. In yara suna kwasar kashi da shebur daga turken da ba a daɓe ba, kowane bokiti da rairayinsa, shi kuma ba ya narkewa, ƙasa yake kwantawa har ya cinye rabin rijiyar. A daɓe turken da siminti, a ɗan karkatar da shi fitsari ya gangara ramin damu, yana rage ruwan da za a nema. A ramin damun ma a bar bakin bututu ya ɗan ɗaga sama da gindi, rairayi ya kwanta a kwashe. Ban da ruwan omo, ban da maganin ƙwari, ban da kashin dabbar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin kwanakin nan. Kashin tumaki da awaki sai an jiƙa an murje. Na kaji yana da gaz sosai amma warin ƙwan nan ya fi yawa a cikinsa, a riƙa surkawa da na shanu. Busasshen kashin da ya sha rana kuwa a kai shi gona kawai.

Wanke gaz kafin ya shiga inji

Murhu yana haƙuri da ɗanyen gaz, inji ba ya yi. Iskar nan mai warin ƙwai, in ta ƙone ta haɗu da damshi, tana zama ruwa mai cin ƙarfe. Tana sauka cikin man inji ta tsamar da shi, ta ci metal, wato ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa, ta ci bawul, ta huda salansa. Jan ƙarfe da tagulla su take fara ci, shi ya sa ba a sa su a layin gaz. A yi amfani da bututun roba mai kauri.

Ruwa shi ne mai sauƙi. A shimfiɗa bututu da ɗan gangare, a inda ya fi ƙasa a sa mahaɗa mai baki uku da kwalba ko ƙaramin robine a ƙarƙashi, a riƙa zubarwa kowace safiya.

Warin ƙwai kuma tsatsa ke kama shi. Je wurin masu injin fiƙe ƙarfe ka roƙi ɓawon ƙarfen nan mai nannaɗewa da suke sharewa. Wanke shi da omo man ya fita, ɗauraye, baza shi a ƙasa kana yayyafa ruwa har ya yi ja wur da tsatsa. Haɗa shi da ɓawon katako daga wurin kafinta don kada ya dunƙule ya toshe hanya. Cika bututun roba mai faɗin inci 4 zuwa 6, tsawon mita ɗaya, mai murfin da ake kwancewa. Gaz ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama. Gara a yi biyu a jere, in na farko ya gaji na biyu ya tare.

Yadda nake gwadawa: in kankare guntuwar wayar lantarki ta jan ƙarfe har ta yi ƙyalli, in riƙe ta a bakin gaz ɗin da ya fito daga matatar na ɗan lokaci. In ta yi baƙi, matatar ta ƙoshi. In ka buɗe za ka tarar ƙarfen da ka zuba ja ya koma baƙi ƙirin. Ba zubarwa ake ba, in ya sha iska yana komawa ja a sake amfani da shi. Amma a kula, lokacin da yake shan iskar zafi yake yi sosai, har yana iya kunna abin da ke kusa. A baza shi siriri a ƙasa tsirara, a inuwa, a yayyafa ruwa, nesa da harawa da kara da zana.

Haɗawa da injin

Dalilin da ya sa ba a rabuwa da gazuwal gaba ɗaya shi ne, injin gazuwal ba shi da buji. Matsa iska yake yi har ta yi zafi, a fesa gazuwal ya kama da kansa. Metan ba ya kamawa a wannan zafin. Saboda haka gaz zai shiga tare da iska, ɗan gazuwal ɗin da aka fesa ya kunna shi. Kada gazuwal ya gaza kashi 15 zuwa 20 na abin da injin ya saba sha, domin shi ne kuma ke sanyaya bakin anjektar, wato abin da ke fesa gazuwal ɗin. In ya yi kaɗan bakin ya ƙone.

Fara da duba lafiyar injin. Wanda ke wahalar tashi da safe, ko yake hayaƙi, ko radiyatarsa ke tafasa, a gyara shi tukuna. Tsofaffin taraktoci masu famfon gazuwal na ƙarfe zalla, marasa turbo, su ne suka fi daɗin wannan aiki. Sababbi masu kwamfuta ban ba ka shawarar taɓa su ba.

Tsakanin matatar iska da inda iska ke shiga inji akwai tiyo mai kauri. Nan za a yanka a sa guntun bututun ƙarfe mai faɗi ɗaya da shi. Mai walda ya huda gefensa ya shigar da ƙaramin bututu na inci ɗaya har tsakiya, bakinsa a yanke a karkace yana kallon wajen inji, ko a toshe bakin a yi masa ƙananan huji kewaye, gaz ya fi gauraya da iska. Iskar da inji ke zuƙa ita ke jawo gaz ɗin, ba a bukatar famfo. Kafin wannan bututu a sa gwangwanin ƙarfe cike da soson ƙarfe na wanke tukunya, shi ke tare wuta in ta yi baya. Robine biyu: ɗaya na daidaitawa, ɗaya mai hannu da ake rufewa da bugu ɗaya, a inda hannun mai aiki zai kai ba tare da ya zagaya ba.

Tashi da gazuwal zalla, robine a rufe. Bar injin ya yi zafi. Ɗora masa aikin, a fara zuba hatsi a injin sussuka, ka tsayar da totur inda aka saba. Sannan ka fara buɗe gaz kaɗan-kaɗan. Za ka ji gudun ya ɗan ƙaru sannan ya dawo daidai: regilatar da ke cikin famfo ne ya ga ƙarfi ya ƙaru ya rage gazuwal da kansa. Ci gaba da buɗewa kana saurare. Muryar injin takan yi laushi, ƙarar nan ta gazuwal ta ragu. In ka ji ya fara tsallake bugu, ko yana hawa yana sauka, ko yana ƙwanƙwasa, ka wuce iyaka. Koma baya har ya daidaita, ka ƙara komawa kaɗan, ka yi wa wurin alama da fenti.

Kada ka yarda da kunne kaɗai. Samo gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, ka yi mata zane-zanen awo, ka cire tiyon tanki da na komowar gazuwal ka zura su duka a ciki. Auna abin da injin ya sha a minti 10 ba gaz, ka sake aunawa da gaz, a kan aiki iri ɗaya. In ya sha rabin lita a farko, na biyu ya sha kwatankwacin kashi ɗaya cikin uku na wannan, ka samu abin da ake nema. Wani Alhaji da na yi wa wannan gwaji a gabansa ya ce, "Malam, ƙara buɗewa mana, ai gaz ɗin kyauta ne." Na ce, "Alhaji, gaz kyauta ne, anjektar kuwa sai an aika Kano."

Haɗarin da ya fi kowanne shi ne a cire wa injin aiki alhali gaz na buɗe. Regilatar gazuwal kaɗai yake iya ragewa, ba shi da iko da gaz. Bel ya tsinke ko hatsi ya ƙare, sai injin ya ɗauki gudu, ka ja abin kashewa ya ƙi mutuwa nan take. Shi ya sa mutum ɗaya zai tsaya kusa da robine muddin ana aiki. Wajen tsayawa kuma gaz ake fara rufewa, a bar injin ya yi minti 5 da gazuwal zalla ya share abin da ya rage, sannan a kashe. Juyen mai a riƙa yinsa a rabin awoyin da aka saba.

In dole sai an kai shi gona

Nan ne mutane ke jefa kansu cikin haɗari. Suna ganin tukunyar gaz ɗin girki mai kilo 12 da rabi tana wata guda, sai su ɗauka biyogaz ma haka zai shiga. Gaz ɗin girki butan ne, da an ɗan matsa shi yake zama ruwa. Metan ba ya zama ruwa sai an sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri. Tukunyar nan cikinta lita 26 ne, in ka matsa mata biyogaz har bar 10, wato matsin da ya ninka na iskar waje kamar sau goma, abin da ta ɗauka bai kai kofin gazuwal ɗaya ba. Tanki mai lita 200 a bar 10 yana ɗaukar mita kubik 2, huɗar minti 15 zuwa 20. Kuma kwamfuresan mai faci ba na gaz ba ne: in metan ya gauraya da iska, kashi 5 zuwa 15 cikin 100, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Tukunyar iskar masu walda ma kada a kusance ta da wannan.

Jakar tamfol hanya ce, tsohuwa ma, don a Ingila lokacin yaƙin duniya na farko motocin haya sun yi yawo da jakar gaz a kan rufi. Jaka mai mita kubik 10 tana ba da huɗar kusan awa ɗaya da rabi. Amma girmanta ya kai ƙaramin ɗaki, ga iskar farkon damina, ga ƙayar aduwa a kowace hanya. Inda take da amfani shi ne a ɗora ta a amalanke a kai masussuka ko bakin rijiyar lambu, a ajiye, a ja tiyo.

Hanyar gaskiya ita ce wadda masu ƙera tarakta suka bi. Ana cire iskar kabon, yawanci ta hanyar wanke gaz da ruwa a ƙarƙashin matsi, har metan ya haura kashi 90, a busar da shi, a matsa shi bar 200 cikin tukwanen da aka ƙera don haka. A nan mita kubik ɗaya ya zama kusan litar gazuwal ɗaya, tukunya mai lita 50 ta ɗauki kamar lita 10. Kamfanin Valtra na Finlan ya nuna tarakta mai haɗa gazuwal da irin wannan gaz tun 2010. New Holland na sayar da T6.180 mai doki 180 wadda metan zalla take ci, da buji. A Indiya an ƙaddamar da tsohuwar taraktar gazuwal da aka mayar mai cin matsattsen gaz a watan Fabrairun 2021. Tukwanen da kayan rage matsi sun yawaita a Najeriya tun bayan cire tallafin mai a 2023, samunsu ba zai gagara ba. Abin da zai gagari manomi ɗaya shi ne injin wankewa da kwamfuresa mai kai bar 200, da wutar da za ta juya su. Wannan sai ƙungiyar manoma da ta haɗa kai da mahauta ko masu kiwon turke da yawa, inda kashi da ruwa ke zuwa kullum ba yankewa.

Kiyaye rai

Yoyon gaz da kumfar sabulu ake nemansa, a shafa a kowace mahaɗa, ba da ashana ba. Jaka da inji su zauna a rumfa mai buɗaɗɗen gefe, ban da sigari, ban da murhun shayi kusa. Kada kowa ya shiga cikin rijiyar gaz, ko an kwashe ta, sai ta yi kwanaki a buɗe an kora mata iska, da igiya a ƙugu da mutane a sama. Iskar nan mai warin ƙwai in ta yi yawa hanci take fara kashewa, mutum ya daina jin warin ya ɗauka ta tafi, sai ya faɗi. Wanda ya bi shi ciki don ceto shi ma haka.

Abin da ke kwarara daga ɗaya bakin rijiyar taki ne mai kyau, ba wari, ba ya tara ƙuda kamar ɗanyen kashi, kuma yawancin irin ciyawa ya mutu a ciki. Masu albasa da kabeji da tumatir suna iya surka shi da ruwa su bi kwali da shi. Wanda zai ajiye don gonar hatsi kada ya shanya shi a rana, ƙarfinsa tashi yake. A yi rami biyu ƙarƙashin rumfa, a riƙa zuba shi bisa yankakken kara da ƙaiƙayi, ɗaya na cika ɗaya na nuna, a kwashe a kai gona gab da saukar ruwa.